Malam Ilu da Taurarin da Suka Yi Nisa

A Unguwar Ɗanmaliki, wata 'yar unguwar manoma a ƙasar Rogo Ruma, ba a saɓa sungumi a fita shuka sai an ji ta bakin Malam Ilu. Ko da ruwa ya kwana yana zuba, ko da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo har cikin ɗaki, magidanta sukan biyo ta ƙofar gidansa bayan sallar asuba, su durƙusa, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, sannan wani ya ce, "Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki?"

Lissafin taurari gadonsa ne. Mahaifinsa ya koya masa tun yana riƙe masa buta, shi kuma ya karɓa daga nasa mahaifin. A wurin Malam Ilu shekara jerin baƙi ce, kowane baƙo da sunansa, da kwanakin da yake yi, da halinsa. Akwai Surayya, wadda mata ke ce wa Kaza da 'Ya'yanta, mai zafi da hadarin banza. Akwai Dabaran. Sai Haƙ'a mai buɗe damina, Han'a na biye da ita, a tafi har Ɗarfa mai ruwa ba dare ba rana. Da ƙwallayen dabino yake riƙe lissafin a cikin wani tsohon ƙoƙo, kuma kafin gari ya waye sosai yakan tsaya a bayan danga ya dubi gabas, ya tabbatar abin da ke ƙoƙo shi ne a sama.

Ba ya duba, ba ya ba da laya. In wani ya zaƙe wajen yabonsa yakan ɗaga hannu ya ce, "Ruwa na Allah ne. Ni mai gadin ƙofa ne kawai, ina faɗin wanda ya shigo." Ladansa bai wuce goro ba, sai damin dawa da kaka daga wanda ya ga dama. Shi ma manomi ne kamar kowa, ƙafarsa duk faso. Shi da matarsa Turai sun haifi 'ya'ya da yawa, ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, ta bar musu mace ɗaya, Safara'u. Ita ce aka aurar wa Lukumanu, malamin kimiyya a makarantar sakandare a Karaye, yaro mai ladabi. Tun da aka ɗaura auren, suruki da suruki ba su taɓa haɗa ido ba, balle su sa hannu a kwano ɗaya.

Shekaru masu yawa bakin Malam Ilu bai faɗi ƙasa ba. Sai fari ya zo, a tamanin da uku, ya kuma dawo a tamanin da huɗu.

Duk shekarun biyu abu ɗaya ya faru. Haƙ'a ta shigo, ruwa ya sauka, ya ce a shuka, aka shuka. Tsiro ya fito kore shar, har mutum ya ji kamar ya durƙusa ya gaishe shi. Daga nan sama ta bushe. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin, yara su fara tsalle, iska ta zo ta kwashe shi ta wuce da shi wata ƙasa. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi fari, ya koma ƙura. Aka sake shuka, aka kuma sakewa. Kowace shuka kuwa daga rumbu take fita, daga bakin yara.

Ba wanda ya zage shi, in ban da Sulle, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yara.

"Bawana," in ji Sulle, "ƙwallayen nan naka, ba ka ganin akuya ta haɗiye biyu? Kawo ƙoƙon in zuba maka gyaɗa, ko banza ka samu abin taunawa."

Malam Ilu yakan yi murmushi ya ce, "Kai da ba ka san gabas ba sai an juya ka." Amma in ya shiga gida yakan zube ƙwallayen a tabarma ya sake bi daga farko. Bai ga inda ya ɓata ba. Taurari suna fitowa a inda suka saba, a lokacin da suka saba, ruwansu ne ba ya biyo su.

Da rani ya kai tsakiya a shekara ta uku, iri ya zama abin ɓoyo. Yawancin gidaje abin da ya rage musu na shuka ɗaya ne tak. Gwaggo Saude, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki marayu, ta zuba nata irin dawar a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Sun ci dusa, sun ci tafasa, sun kwana da ruwan kanwa a ciki, ba ta fasa lakar ba. Ranar da ta haɗu da Malam Ilu a hanyar rijiya ta durƙusa ta ce, "Malam, bana sau ɗaya zan zuba. Sai ka ce in zuba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar dutsen niƙa.

Cikin bazarar nan Safara'u ta haihu. Malam Ilu da Sulle suka hau bayan a-kori-kura zuwa Karaye wajen suna. Bayan an yi addu'a an raba goro, maza suka baje a tabarmi ƙarƙashin wata darbejiya a bakin titi. Lukumanu yana can gefe a tsugune, yana zuba wa baƙi kunu. Sulle, wanda ba ya iya ganin wuri shiru, ya ɗaga murya.

"Malamin boko! Ga surukinka nan taurarinsa sun yi masa yaji. Ku a makaranta me kuke cewa a kansu? Ko ku ma sai dai ku ƙirga ƙwallon dabino?"

Aka yi dariya. Lukumanu ya sunkuyar da kai, ya ce shi yaro ne, ina shi ina magana a gaban manya. Abokan aikinsa suka zuga shi, suka ce ai jiya ma ya hana 'yan aji biyar fita tara saboda wannan magana. Ana cikin haka wata babbar mota ta taho daga wajen kasuwa, direban ya danne ham bai saki ba har ya wuce.

"To, Kawu Sulle, kun ji motar nan?" in ji Lukumanu. "Da tana tahowa kukanta siriri ne. Da ta wuce sai ya yi kauri."

"Wannan ko jakina ya sani."

"Ko makaho ne a nan, da kunne kawai zai gane ta juya mana baya. To haske ma haka yake yi. Masana suna da manyan madubai na hangen nesa. Can bayan taurari akwai garke-garken taurari, kowane garke ba ya ƙirguwa. Sukan tari hasken garke ɗaya, su ratsa shi ta cikin gilashi, ya baje kala-kala kamar bakan gizo. A cikin kalolin nan akwai wasu baƙaƙen layuka, kamar tsagen fuska, kowanne an san mazauninsa. Sai aka tarar layukan sun gusa, sun matsa wajen ja. Abin da ke tahowa haskensa wajen shuɗi yake matsawa, mai tafiya kuwa wajen ja. Aka duba gabas, aka duba yamma, kusan duk garken da aka auna ja yake yi. Kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu."

"Mu suke gudu?" in ji Sulle. "Warin wa suka ji? Na dai san ni na yi wanka."

"Ba mu kaɗai ba, Kawu. Ku dubi ƙullin fanke in an barbaɗa masa riɗi an rufe. In ya kumbura, kowace ƙwayar riɗi ta yi nisa da 'yar'uwarta, ba wadda ta taka ko'ina. Sararin ne da kansa yake buɗewa."

Malam Ilu bai ɗago ba tun da aka fara. Goron da ke bakinsa ya daina taunawa. A karatunsa na zaure ya taɓa jin cewa Wanda ya gina sama Shi ne mai yalwata ta, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa ana nan ana yalwatawar ba, yau, da rana tsaka, yana zaune a kan tabarma. Ya yi gyaran murya. Kowa ya juyo ya dube shi, don ba a saba jin ya yi wa surukinsa magana kai tsaye ba.

"Malam," ya ce wa Lukumanu, idonsa a ƙasa, "suna ƙara nisa ke nan."

"Haka ne, Baba."

"Kullum?"

"Kullum, Baba. Ko yanzu da muke zaune."

Lukumanu ya buɗe baki zai ƙara wani abu, aka ƙwala masa kira daga cikin gida, mahauci yana jira a nuna masa yadda za a raba naman rago. Ya tashi da sauri, har da jin daɗin an cece shi daga gaban surukinsa.

A hanyar komawa Sulle ya yi ta surutu, Malam Ilu bai ji ko ɗaya ba. Mota tana jijjiga shi, shi kuwa lissafi yake. Ashe ƙoƙonsa bai yi ƙarya ba. Mahaifinsa ma bai yi ba. A zamaninsu taurari suna kusa, tauraro ya leƙo, ruwansa na bayansa. Yanzu sun yi nisa. Mutumin da ya ƙaura daga Rogo ya koma Karaye, aikensa yakan iso da yamma. In ya koma Kano sai gobe. Tauraro yana fitowa a kan lokaci, amma ruwansa na gaskiya yana hanya, wanda ke fara zuba kuwa na yaudara ne, mai cinye iri. Tsoro ya kama shi, tare da wani sanyi a zuciya, irin na wanda ya daɗe yana ciwo yau aka faɗa masa sunan cutar.

Da aka sallame sallar magariba a masallacin unguwa ya miƙe ya yi bayani. Ya ce shekara biyu yana ba su lissafin da ya tsufa. Ya kawo maganar mota, da jan haske, da madubai, ya ce daga bakin malamin kimiyya ya ji, kuma bai saɓa wa abin da ke cikin karatu ba. Bana in Haƙ'a ta shigo da ruwa, kada kowa ya taɓa iri. A jira.

Wasu samari suka kalli juna. Amma dattawa sun gyaɗa kai. Abu ne da boko da zaure suka haɗu a kansa, ga kuma shekara biyu da suka gani da idonsu.

Haƙ'a ta shigo, ruwa ya sauka, mai yawa. Ƙauyukan da ke kewaye suka fita shuka. A Unguwar Ɗanmaliki gidaje kaɗan ne suka bi su a sace, sauran suka zauna. Bayan 'yan kwanaki aka sake yin wani ruwan. Malam Ilu ya ce haka ya yi bara. Aka sake yin wani. Han'a ta shigo, ƙasa ba ta bushe ba ko sau ɗaya. Gonakin maƙwabta suka yi kore, aka fara noman firi, ana jiyo waƙar masu gayya daga nesa. Gonakin unguwarsu ma sun yi kore, amma da ciyawa.

Gwaggo Saude takan zo da safe ta tsaya daga bakin zaure. Ba ta tambaya. Gaisuwa kawai take yi, ta ɗan jima, ta tafi.

"Malam," in ji Turai wata rana tana miƙa masa koko, "kwaɗi fa sun cika fadama."

"Na ji su."

"To."

Ta juya ta koma madafi. Amma ranar kasuwa ta ba wa wata mai zuwa Karaye saƙo ta kai wa 'yarta.

Washegari da hantsi aka ji babur. Lukumanu ne, wandonsa duk taɓo. Ya kafe babur ɗin nesa da ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin zaure. Ya gaida Malam Ilu, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya isar da gaisuwar mai jego, ya sake tambayar gida. Tun daga Karaye yake shirya maganar a ransa, amma yaya mutum zai dubi uban matarsa ya ce masa ya yi kuskure? Ya yi ta murza ƙasa da yatsa. Allah ya kawo Sulle, ya zauna a tsakaninsu, sai Lukumanu ya juya wajensa, ya yi maganar kamar da shi yake.

"Kawu, ranar suna ban ƙarasa ba. Laifina ne. Garken nan da na ce suna gudu, ido ba ya ganinsu, sai da madubi. Taurarin da ake lissafi da su kuwa, Kaza da sauransu, 'yan gida ne. Garkenmu ɗaya da su, tare muke. Ba sa cikin masu tafiya. Yadda kakanni suka gan su haka suke, haka jikoki za su gan su."

Sulle bai yi dariya ba. Ya saci kallon ɗan'uwansa.

"Masu tafiyar fa?" in ji Malam Ilu a hankali. "Ba su riƙe da ruwan kowa?"

"Ko ɗigo, Baba. Da su da ruwa ba abin da ya haɗa su."

"To me ya hana ruwa shekara biyu?"

Lukumanu ya ce ruwanmu iska ce ke ɗauko shi daga teku, can kudu, wata shekara ta iso da ƙarfi, wata shekara ta gaza a hanya. Dalilin gazawar kuwa masana suna ta bincike, ba su gama sani ba.

"Sun auna abin da ido ba ya gani," in ji Malam Ilu, "sun san gudunsa."

"Sun sani, Baba."

"Amma ba su san ko za a yi ruwa jibi a Rogo ba."

"Ba su sani ba."

Ba gatse ya yi ba, Lukumanu ma bai ɗauka gatse ba ne. Ta ƙofar zaure ana hango hadari yana haɗuwa a gabas, mai nauyi, irin wanda ba ya wucewa.

Malam Ilu bai jira magariba ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi gida gida da ƙafarsa, yana sallama, yana cewa, "A fita a shuka. Ni na riƙe ku, ban fahimci maganar ba. A fita yau." Gidan Gwaggo Saude ya fara zuwa. Tana jin haka ta shiga ɗaki, ya jiyo ƙarar fasa laka.

Sai da aka fara yaƙi da ciyawa kafin a samu wurin saran rami. Maza da mata da yara suka kwana biyu a sunkuye. Malam Ilu ya bar tasa gonar ya riƙe wa Gwaggo Saude sungumi, yana sara, tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ruwa bai ɗauke ba. Damina ce mai albarka, irin wadda aka yi shekaru ana roƙo. Shukar ta fito, ta yi ta ƙoƙarin kamo 'yan'uwanta. Amma dawa ba ta san an makara ba, lokacin fid da kanta ɗaya ne, ko ta girma ko ba ta girma ba. Da kaka ta gabato, dawar maƙwabta ta fi mahayin doki tsawo, tasu kuwa iyakarta kafaɗa, ta fid da kai ɗan mitsitsi. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba. Rabin zangarniyar ba ƙwaya, in ka murza sai ƙaiƙayi ya bi iska.

A shekarar da duk ƙasar Rogo da Karaye aka cika rumbuna, har ana ɗinka sababbi, Unguwar Ɗanmaliki ta sami abin da ba zai kai ta tsakiyar rani ba. Da yamma akan jiyo sussuka daga ƙauyukan kewaye, taɓare suna amsa wa juna. A unguwarsu mata sukan gama tasu kafin la'asar.

Malam Ilu ya rayu shekara tara bayan wannan. Bai daina fita bayan danga da asuba ba, amma ko an tambaye shi yakan ce, "Allah ne masani." Lukumanu ya riƙa aiko da buhun masara duk rani, bai kuma sake yarda ya yi maganar sama a gaban manya ba. Sulle ya daina tsokanarsa da taurari, ya koma tsokanarsa da furfura, wannan kuwa ya fi yi wa Malam Ilu ciwo.

Amma abin da Turai ta fi tunawa, har bayan rasuwarsa, wata safiya ce a ƙarshen kakar nan. Gwaggo Saude ta yi sallama, ta shigo har tsakar gida da 'yar ƙwarya a lulluɓe cikin mayafi. Ta gaida Turai, ta gaida Malam, ta yi masa barka da kaka. Ta ce abin da ta samu ta auna, in ta ware iri yaran ba za su kai azumi ba, in ba ta ware ba kuma baɗi ba ta da abin zubawa. Ko Malam zai taimaka mata da ɗan iri, ko cikin ƙwaryar nan ne.

Ya tashi ya jingina tsani a rumbu, ya hau, ya ɗaga murfin. Ya daɗe kansa a ciki. Tasa gonar ita aka shuka ƙarshe a duk unguwar, kuma Turai ta san ƙarancin abin da ke rumbun, don ita ta share shi. Tsohuwar tana tsaye a ƙasa, ta fito da ƙwaryar ta riƙe da hannu biyu, tana jira ya sauko.